Baba Yana Jiran Jarumin Ya Fita

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Falmata daga Galtimari.

Tun da muka baro Konduga, Baba ya daina hira da kowa. Da aka sa dokar hana fita, maƙwabcinmu ya ara mana faifan wani tsohon fim baƙi da fari, mai kashi-kashi. Jirgin da ke kai su wata duniya kamar gwangwani yake, har zaren da aka rataye shi da shi ana gani. Mu muna dariya, Baba kuwa ya matso kusa. Kowane kashi da kulle jarumin yake ƙarewa, a na gaba ya tsere.

A kashi na sha ɗaya aka rufe shi a ɗakin ƙarfe, ruwa yana cikowa. Nan faifan ya ƙare, maƙwabcin ya ce haka ya saye shi.

Yanzu kullum da safe Baba sai ya ce, "Falmata, yaron nan ya fita?" Idan na ce ban sani ba, sai ya ture kununsa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In ce masa ya fita, ko in ci gaba da faɗa masa gaskiya?