Ƙwayar Koren Shayi a Ɗakin Mai Jego

A tashar Kankiya ana jiran motar Kusada ta cika, sai Sada ya ga dattijuwar da ke kusa da shi ta ciro 'yar kwalbar da ya fi tsana a duniya.

"Inna, jefar da ƙwayar nan! Wai ta koren shayi ce. Wallahi guba ce!"

"Kai kuma daga ina? Ni ta rage mini teɓa, yanzu ruku'u nake yi ba nishi."

"Rage teɓa? Mai tallarta ce mini ya yi tana wanke jini, tana ƙara kuzari. Na saya wa matata tana jego, ta yi arba'in kamar sillen kara! Uwarta ta taso tun daga Mawashi, ta tsaya a ƙofar gidana tana cewa na kashe mata ɗiya da yunwa."

"Mai jego ka ɗirka wa maganin rama? To ƙaurin da ka kai mata fa? Ƙafar saniyar ba ta mayar da jikin ba?"

Sada ya kau da kai, ya ƙura wa tayar mota ido.

"Ai mutumin ya ce ƙwaya ɗaya ta fi ƙafar saniya amfani."

Dattijuwar ta cusa kwalbarta cikin jaka, ta ja zif da ƙarfi.

"Wato ba ka sayi ƙaurin ba ke nan. Yaro, bar zagin ƙwayata. Surukarka ta yi maka sutura ma. Da ɗiyata ce, a ƙofar masallaci zan tsaya."