Garanda a Cinyar Ɗahiru

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko a wannan ranin ba nawa ba ne, akuyar Goggo Hansatu ce. Ku da ba ku san ta ba, ƙanwar babana ce, tana aure a Ajingi, ɗanta namiji ɗaya tak, Ɗahiru. Shi ne kuke gani yana zuwa gidana da sanda. Ita ta sa aka kai akuyar kasuwar Gaya, ta ƙullo kuɗin a bakin zane ta kawo mini har nan Kademi. Ba ta ce in sayo mata atamfa ba. Cewa ta yi, "Haladu, ga ƙanenka, ku tafi tare. Ka dawo mini da shi kafin ruwan shuka, gonar nan ba mai noma ta sai shi." Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na riga na yi rani biyu a can, ji nake kamar ni na kafa garin.

Kai Auwalu, ajiye wayar nan. Saboda kai nake ba da labarin.

A Ikko mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya, mai gidan kuwa mutum huɗu ya sani. Kullum da safe sai ya zo ya ƙirga takalma a bakin ƙofa. Ran nan ya ce, "Takalmi nawa ne wannan?" Na ce, "Baba, kowannenmu biyu gare shi, na aiki da na masallaci." Ya dube ni ya dubi silifas ɗin da duk sun cinye, ya yi tsaki ya wuce. Daga ranar da takalmanmu muke matashin kai.

Aikin walda muke yi, ƙofofi da tagogin ƙarfe. Akwai injin nan na hannu mai faifai, mu garanda muke ce masa, mutanen can kuma sai sun murɗe baki kamar masu ciwon haƙori kafin su faɗi sunan. Ƙarfe yake yankawa kamar kabewa. Yana zuwa da murfi da ya rufe rabin faifan, ta ɓangaren jikin mutum. Oganmu ya ce murfin yana hana shi sa babban faifai, ya kira ni na riƙe masa injin, ya kwance murfin ya jefa a kwandon tarkace. Tabarau kuwa ɗaya ne, mu shida, wanda ya riga zuwa shi ke da ido ranar. Makunnin injin irin nan ne da in ka tura shi ya zauna ke nan, ko ka saki hannu ba ya komawa.

Ɗahiru ƙaƙƙarfa ne, cikin mako guda ya iya yankan da na yi wata ina koyo. Amma manomi ne har cikin jininsa. Kun san yadda iyayenmu suka koya mana, in za ka huta a gona ba ka yar da fartanya a ƙasa wani ya taka, zama kake yi ka ɗora ta a cinya. To haka yake yi wa garanda. Da an ɗauke wuta sai ya nemi bulo ya zauna, ya ɗora ta a cinya yana shafa ta. Na gan shi ya fi sau goma. Dariya nake yi ina ce masa baƙauye. Ko sau ɗaya ban taɓa ce masa ya kashe makunnin ya zare wayar daga bango ba, don ni ma ba na yi.

Ranar wata Talata ce, da hantsi. Yana tsakiyar yanka wani bututu aka ɗauke wuta, injin ya mutu a hannunsa da kansa. Ya zauna a bulonsa, ya ɗora shi a cinyar dama, ya ciro gyaɗa a aljihu ya miƙo mini. Tambayata yake yi ko na ji labarin hadari ya fara haɗuwa a gida, wai yana so ya riga kowa shuka bana.

Sai aka kawo wuta.

Ƙarar na fara ji. Har yau in injin niƙa ya tashi ba zato sai gabana ya faɗi. Na ga wandonsa ya nannaɗe, na ga abin yana tsalle a kansa, na ga gyaɗa ta watse. Shi ko ihu bai yi ba, kallon ƙafarsa kawai yake yi kamar ta wani ce. Ni kuwa, ni da na kafa garin, na sandare a tsaye da gyaɗa a hannu. Wallahi ban san inda ake kashe shi ba a wannan lokacin. Wata Bayarabiya mai sayar mana da shinkafa ce ta yar da ludayi ta ruga ta fizge wayar daga bango. Ita ta cire ɗankwalinta ta danne wurin da iya ƙarfinta, tana yi mini tsawa in nemo mota. Ban taɓa sanin jikin mutum ɗaya na ɗauke da jini haka ba.

A asibiti suka ce Allah ya yi da sauran kwana, ƙafar ma za ta zauna. Sai dai faifan ya yanke jijiya a saman gwiwa, ba za ta ƙara ɗaukar nauyi kamar da ba.

Na koma wurin oga raina a ɓace. Na ce, "Wa ya cire murfin nan?"

Ya ce, "Wa ya riƙe mini injin?"

 Ya biya asibitin, ba zan yi masa ƙarya ba. Washegari na ga an tono murfin daga kwando an mayar, minti biyu ma aikin bai ci ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Sai da ya iya takawa muka taho. Daga Gaya muka hau mai ƙafa uku zuwa Ajingi, don ba ya iya zama a babur. Duk hanya ƙasa jiƙe, mutane sun duƙufa a gonaki. Ɗahiru ya juya kai yana kallonsu. Goggo na tsaye a ƙofar gida. Ta dubi sandar, ta dubi ƙafar, ta dube ni. Na so ta zage ni, na so ta mare ni ma. Sai ta ce, "Sannunku da hanya. Ruwa ya sauka shekaranjiya." Ta shige ciki ta kawo mana fura.

Da gari ya waye na saɓa fartanya na nufi gonarta. Tun daga wannan shekarar, tata nake fara shukawa kafin tawa, shi ya sa kullum gerona ke zuwa a makare kuna yi mini tsiya.

To Auwalu, jiya na biyo ta shagon waldarka a Gaya. Babu wuta, kana zaune kana shan rake, garandarka na gefen ƙafarka ba murfi, wayarta a bango. Kai ma kai kaɗai ne namiji a ɗakinku. Tashi yanzu ka je ka nemo murfin nan ka ɗaura, ina nan zaune sai ka dawo. Gona biyu nake nomawa, bayana ba zai ɗauki ta uwarka ba.