Doki Goma, In Ji Malam Hayatu

Jawabin Alhaji Abdulshakur Gazali, shugaban ƙungiyar masu casar shinkafa ta Gawon Nama, a taron tunawa da Malam Hayatu Maccido mai naɗin moto, wato mai sake naɗa wayar injin lantarki, kwana arba'in bayan rasuwarsa.

Da sunan Allah da ya ba mu aron Hayatu, ya kuma karɓi abinsa lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma wakilin hakimi, mai unguwarmu, malam liman da malaman da ke tare da shi, shugabannin masu naɗin moto na Ƙofar Atiku, Hajiya Bara'atu da matan da take shugabanta masu turara shinkafa, uwargidan marigayi Hajiya Inno, babban ɗansa Mu'az da ƙannensa, 'yan'uwa da abokan arziki, assalamu alaikum.

Tun da aka ce ni zan yi magana da yawun ƙungiya, mutum uku suka same ni, kowa da lokacinsa, amma maganarsu ɗaya: "Alhaji, ka yi addu'a ka zamna, kada ka tono zancen moto." Na ji shawararku, na gode, kuma ba zan bi ta ba. An ɓata sunan wannan bawan Allah a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a za a wanke shi. Wanda zancen zai yi wa nauyi, ƙofa a buɗe take, ba za mu ce ya yi laifi ba.

Hayatu taubashina ne, mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Shekara sittin muna tsokanar juna. Shi yana kirana Sarkin Ɓuntu, don kullum rigata da ƙaiƙayin shinkafa. Ni kuma ina kiransa Gobe-da-safe, don ban taɓa jin ya ce wa mai kaya "ga aikinka an gama" a ranar da ya yi alkawari ba. Waɗanda suka taɓa kai masa moto na ga suna murmushi, sun san ban yi masa sharri ba.

Ya kasance mutum mai nawa, amma abin da ya fita daga hannunsa ba ya komowa. Ya kasance in famfon masallacin unguwa ya tsaya, kafin a gama shawarar wanda za a kira, shi ya riga ya kwance shi yana dubawa. Shekara da shekaru shi ke kula da moton da ke ɗaga ruwan alwala a wani gidan baƙi kusa da Hubbare, masu ziyara suna amfana, ba su san ko sunansa ba. Ya kasance malamin rabin masu naɗin da ke zaune a gabana yanzu, har da masu furfura. Kuma ya kasance mutumin da ba ya faɗin abin da bai auna ba. Wannan halin nasa shi ya jawo masa abin da zan faɗa.

Kowa a nan ya san injin casar ƙungiyarmu. Moton lantarkin da ke juya shi, iyayenmu suka sayo shi tsoho fiye da shekara talatin da suka wuce. Kowane moto yana zuwa da ɗan faifan ƙarfe a gefensa, inda kamfani ke rubuta ƙarfinsa, wato doki nawa ne, da gudunsa da irin wutar da yake ci. Namu ba shi da shi. Ramukan ƙusa huɗu kawai suka rage inda faifan yake a da. Muddin yana aiki ba wanda ya damu. Sai bana, ana tsakar kakar shinkafar rani, buhunan mata sun cika rumfa, ya yi hayaƙi ya tsaya.

Na aika aka kira Hayatu. Ya zo da safe da jakarsa, ya buɗe shi, ya leƙa, ya ce mini, "Abdu, wanga ya gama aikinai. Ƙarhen ciki ya ƙone, gangar jiki ta tsage. Ko na naɗa shi, ba shi kai wata guda."

Na ce, "To mi za mu saye, ga shi ba suna ba lamba?"

Ya ce, "Moto ba shi ƙarya in ka iya tambayatai. Samo min buhu in zamna."

Ina tsaye a kansa ya yi aikin, kuma ina so ku ji yadda ya yi shi, don wasu sun ce cinta ya yi. Ya fara da inda waya ke shiga, ya ƙirga bakuna shida, ya ce wannan mai layi uku ne. Ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar da ke juyawa, milimita ɗari da talatin da biyu. Ya auna kaurin sandar, talatin da takwas. Ya auna tazarar ramukan ƙafafunsa, don wanda za a kawo ya zauna daidai inda tsohon ya tashi. Sannan ya sa yatsa ya ƙirga ramukan da wayar tagulla ke kwance a ciki, talatin da shida. Ya bi naɗi ɗaya ya nuna mini ya tsallake rami tara kafin ya komo. Ya ce tara sau huɗu ke nan a cikin talatin da shida, wato mai tafiya a hankali ne. Da mai gudu ne, da kowane naɗi ya tsallaka kusan rabin da'irar. Bai tsaya nan ba, sai da ya yanki wayar ya auna kaurinta, ya gwada girman fulin moto da na injin, wato ƙafafun nan biyu da bel ke haɗawa. Har azahar yana kai. Ni kuwa ina ta yi masa tsiya, ina cewa ko haihuwa ce da yanzu an yi suna.

Da ya gama ya yagi kwali ya rubuta da ajami, ya miƙo mini. Ya ce, "Doki goma na, layi ukku, mai tahiya sannu. Dubu da ɗari huɗu da hamsin shika juyawa ga minti. Kada ka bari su ba ka mai gudu."

Jama'a, ni aka aika kasuwa. Ba sakatare ba, ba kwamiti ba, ni. Na shiga shago da kwalin a aljihuna, mai shago ya nuna mini wani moto shuɗi mai sheƙi, faifansa na ƙyalli, ya ce, "Alhaji, wa ka barin doki sha biyar shi ɗauki goma?" Mu nan kun san mu, in an ce doki sai hankalinmu ya tafi. Ko famfon ban-ruwa za mu saya, tambayarmu ɗaya ce, doki nawa ne. Ban dubi gudunsa ba. Ban ko fito da kwalin ba. Na ɗoro shi a keke na taho ina jin na yi wa ƙungiya abin kirki.

Hayatu ya zo ya durƙusa ya karanta faifan, ya ɗago kai ya ce, "Ka duba gudunai? Dubu biyu da ɗari tara. Ninki biyu na. In kunka ɗora shi, shinkahwar matan ga tsaki za ta koma." Na ce to a rage fuli. Ya ce in aka rage shi rabi, bel ba zai sami wurin kamawa ba, zamewa zai yi ta yi. Ya ce, "Ka maishe shi. Ni ba ni sa hannu ga wanga aiki."

A nan ne na yi abin da ya hana ni barci har yau. Rumfa cike da mutane, kunya ta kama ni, sai na fake da wasan taubasantaka. Na ce, "Kai dai Gobe-da-safe, don ba ta hannunka anka sayo ba, ba ka samu naka ba." Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Muka samo wani ya faɗaɗa ramin fuli, ya ɗora mana shi. Aka kunna, injin ya ɗauki kuka, muka zuba shinkafar Hajiya Bara'atu da 'yan'uwanta. Abin da ya fito tsaki ne, mai zafi kamar an sauke shi daga wuta. Muka ce bari ya saba. Buhu ashirin muka lalata kafin bel ya tsinke. Shinkafar da matan nan suka jiƙa, suka turara, suka shanya da hannunsu, ta koma abin da sai dai a yi kunu.

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, mun gani. Amma maimakon a ce Hayatu ya faɗa, sai me aka ce? Aka ce ai Hayatu ne ya sa wa moton baki don an hana shi samu. Aka ce ai shugaban ƙungiya da kansa ya faɗa a gaban mutane. Wasan da na yi da ɗan kawuna ya fita daga rumfa ya zama shaida. Manoman fadama da suka shekara ashirin suna kawo masa injinan ban-ruwa suka zo suka kwashe kayansu. Shagon da ba a samun wurin zama ya koma shi da Mu'az kaɗai suna kallon hanya.

Ku da kuka yaɗa zancen, wasunku suna nan, kun sha shayin ta'aziyya, ba zan kira suna ba. Ina tambayarku: cikinku wa ya taɓa ƙirga ramin moto? Wa ya san bambancin mai gudu da mai tafiya a hankali? Mutum ya wuni a durƙushe yana awo, ku kuna gindin dalbejiya kuna yanke hukunci. Amma ba zan ɗora muku duka ba, don ni na fi ku laifi. Ku ba ku sani ba, ni na sani. Kwalin yana aljihuna wata huɗu. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar, girman kai ya hana ni faɗinta. Shi kuwa bai taɓa tona ni ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce, "Ku tambayi Abdu." Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma na ji daɗin haka.

Ba na cewa zancen ne ya kashe shi, ajali na Allah ne. Amma ya kwanta ciwo da wannan ƙazafi a kansa, kuma da shi aka kai shi makwanci.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki kwalin na kai wa Mu'az. Muka mai da shuɗin moton, muka zo da wanda mahaifinsa ya rubuta. Ranar Alhamis ɗin nan Mu'az ya ɗora shi. Ƙafafunsa suka faɗa kan tsofaffin ramuka ba a ƙara ko ɗaya ba. Aka kunna, aka zuba. Hajiya Bara'atu, don Allah ɗaga kwanon nan a gani. Wannan ita ce shinkafar da ta fito, ƙwaya cikakkiya. Kwanon zai zagaya, kowa ya sa hannu ya taɓa. Tsohon moton ma mun ajiye shi a bakin rumfa. Wanda har yanzu yake da shakka, ya zo da ma'auninsa ya ƙaryata Hayatu, muna jiransa.

Mu'az, ɗana, ka ɗaga kanka. Sunan mahaifinka ba shi da tabo. Ƙungiya ta yanke cewa daga yau duk moton da ke ƙarƙashinta shagonku zai je. Manoman da suka kwashe kayansu kuma, ni da ƙafata zan bi su ƙauye ƙauye in faɗa musu abin da na faɗa a nan. Ba alfarma muke yi maka ba, haƙƙinku ne da muka danne.

Hajiya Inno, ke na bari a ƙarshe don ke na fi jin kunya. Ranar da na yi ƙarfin halin zuwa asibiti in roƙe shi gafara, na ishe ya daina magana. Na riƙe hannunsa, ban sani ba ko ya gane ni. Da na fito, Mu'az ya biyo ni ya ce, "Bappa, jiya ya bar maka saƙo." Na ce a raina yau zan ji abin da na cancanta. Sai ya ce, "Ya ce in hwaɗa maka, in za ka sayo wani, ko an rubuta doki goma ga jikinai kada ka yarda, ka auna sandar da hannunka. Ya ce matan nan sun daɗe suna wahala."

Saƙon ke nan duka. Bai zage ni ba, kuma bai ce ya yafe ba, don ban ba shi damar faɗa ba. Wannan ƙofar ni na rufe wa kaina. Abin da ya rage mini shi ne ku. Hajiya, wata huɗu kina kallon mijinki yana komowa gida da wannan baƙin ciki, kin san wanda ya jawo, amma kullum na wuce kina gaishe ni. A gaban malamai da dukan jama'ar nan nake roƙonki ke da 'ya'yanki ku yafe mini. Ba sai kin amsa yau ba, zan jira.

Muna godiya ga wakilin hakimi, da malamai, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Ya Allah ka jiƙan bawanka Hayatu, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ruwan da ya ɗaga wa masu alwala ya zame masa sanyi. Ka rufa wa iyalinsa asiri, ka sa albarka a hannun Mu'az. Ka tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Ni kuma, jama'a, in kun tashi yi masa addu'a ku sa da ni. Shi ya tafi da gaskiyarsa, ni ne na rage da abin da zan amsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.