Ummu Girgis

A tashar motar garin Minya, inda ake kiran mace da sunan ɗanta na fari, Ummu Abanub, wato uwar Abanub, na rungume da kwando tana jiran motar gidan gyaran hali na coci, inda aka ajiye ɗanta. Wata dattijuwa mai baƙaƙen kaya, da ita ma motar take jira, ta leƙa kwandon.

"Zuwan fari ke nan, 'yata? Burodin nan sai sun farfasa shi a bakin ƙofa, ko an cusa ƙwaya."

"Haba Inna, ni zan kai wa ɗana ƙwaya?"

"Uwa ai ita suka fi bincikewa."

"Fadan cocin ya ce yaran suna warkewa."

"Suna warkewa mana. Girgis ɗina har waƙar coci yake ja. Ya fito ya yi ɓulɓul kamar ango."

Ummu Abanub ta gyara zama. "To, me ya mayar da shi?"

"Bai koma ba. Abokan shan ƙwayarsa na jiransa a bakin layi. Kafin Ista muka binne shi."

"Wayyo! Allah ya ba ki haƙuri. To wa za ki gani a can?"

"Mai gadi. A unguwa, wai kar su fama mini ciwo, sun koma kirana da sunan ƙanensa. Har mijina. Mai gadin can kaɗai bai daina ba. Yana hango ni zai ɗaga murya, 'Maraba da Ummu Girgis!' Abin da nake zuwa ji ke nan." Ta miƙe, don motar ta iso. "Ke Ummu wa?"

"Abanub," ta amsa a hankali.

"Faɗa da ƙarfi, 'yata, tun sunan yana naki."