Tabulet Ta Ci Amanata a Bakin Jinga

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sabo, daga wani ƙauye kusa da Auyo.

Idan kogi ya cika, karɓa-karɓa muke yi wajen gadin jingar buhunan yashi da ke tare wa shinkafarmu ruwa. Ranar Talata da azahar gadi ya zo kaina. Ina tsaye sai ga ruwa yana ɓulɓulowa ta ƙarƙashin buhuna. Don in kira jama'a, na zaro tabulet mai arahar da na sayo a Haɗeja. Ta ɗau zafi kamar kaskon tuya, ta sandare! Na danna, na girgiza, shiru. Ga ɓaraka tana ƙara faɗi.

Da gudu na isa masallaci na yi shela a lasifika. Kafin mutane su iso, ruwa ya shanye gonar maƙwabcina, Baba Idi.

Tsohuwar wayata mai maɓalli ta taɓa faɗawa kogi ta tashi, amma na bar wa yara suna wasa da ita.

Malam, a ba ni shawara. Tabulet dai na san inda zan jefa ta, amma da wane ido zan kalli Baba Idi?