Bas ɗin da zai bi ta ƙofar shagona

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara, mai ɗinki a Roumdé Adjia, nan Garwa.

Kwanan baya ma'aikatan magajin gari suka zo suna auna titinmu. Na tambaya, suka ce dogayen bas za a kawo masu hanyarsu daban, ba ruwansu da cunkoson 'yan moto, wato masu haya da babur.

Tun ranar ina ɗinki, hankalina yana cikin bas ɗin. Mahaifiyata gwiwoyinta sun daina yarda da moto, ta daɗe ba ta ga kogin Binuwai ba. Sai in riƙa ganinmu zaune jikin taga, iska na kaɗa mayafinta, muna gangarawa kogi, tana nuna mini inda suke wanki tana budurwa.

Amma babban ma'aikatan nan ya ce, "Hajiya, gyaran kwata da gefen titi ku masu shaguna za ku biya. Wanda ya kasa, a cire rumfarsa." Ni keken ɗinki ɗaya gare ni. Wannan ban faɗa wa Inna ba, don har ta ba ni atamfa in ɗinka mata ta shiga bas.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: titin da duk gari zai bi, mu kaɗai za mu gyara? Ina gaida matan layinmu.