Bayanin da Ba a Gwada Ba

USTAD LIYAƘAT: Salamu alaikum. Zishan ne?

ZISHAN: Wa alaikumus salam. Ustad ji! Yau kai ne da kanka? Ina wuni? Ya Multan, ya zafi?

USTAD: Zafi sai godiya, mangwaro ya nuna. Ya Lahor? Ya mahaifiyarka da ƙafar?

ZISHAN: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya uwargidanka, Ustani ji?

USTAD: Ita ce dalilin kiran. Helo? Kana ji na?

ZISHAN: Ina ji, muryar ce ke yankewa.

USTAD: Tsaya in fita tsakar gida. To. Ka san yanar idon nan ta rufe mata hagu, dama ma ta fara. Tun sanyi muke jiran gurbi a asibitin ido, har aka ba mu Talatar nan da safe. Motar hayar da muke shiga ba ta isa can da safe. Sai na buga wa na'urar nan tasu mai amsa waya, na ce a mayar mana bayan Azahar. Ta ce an gama. Jiya ta aiko saƙo wai an soke aikin, mu koma ƙarshen layi!

ZISHAN: Innalillahi.

USTAD: Kai ne ka san harkar na'urorin nan. Ƙara zan kai, kuma sunan mutum nake so, ba na kamfani ba. Wane sakarai ne ya koya mata wannan?

ZISHAN: Ustad ji, wane asibiti ne? Wanda ke bayan tashar jirgi?

USTAD: Shi. Ya aka yi ka sani?

ZISHAN: Kamfaninmu ne ya haɗa musu ita.

USTAD: Madalla! To wa ya yi?

ZISHAN: Ba koya mata ake yi ba kamar ɗalibi. Kayan aiki ake ba ta, kowanne da ɗan bayaninsa, ta karanta ta zaɓa. Akwai na ɗaga lokaci, akwai na sokewa. Bayanin na ɗagawa layi ɗaya ne, bai ce komai ba. Na sokewa kuwa an rubuta shi dalla-dalla, sai dai bai faɗi cewa in an soke, gurbin ya tafi ke nan ba. Sai ta ga ai ta soke ta sake kamawa. Kafin ta kama, wani ya shige.

USTAD: Wa ya rubuta?

ZISHAN: Wani abokin aiki.

USTAD: Wa ya duba ya ba shi maki?

ZISHAN: Helo? Ustad ji, layin...

USTAD: Layin ƙalau yake, beta, ɗana. Wa ya duba?

ZISHAN: Ni ne.

USTAD: Kai.

ZISHAN: Aikina ke nan. Ya kamata in yi kamar ni majinyaci ne, in roƙe ta abubuwa iri-iri, in ga wanda za ta ɗauka. Ana gobe hutun Sallah ne, kowa na sauri. Sai na ba wata na'ura bayanan ta auna. Ta ce sun yi kyau, na sa hannu.

USTAD: Ka ba ɗalibi takardar ɗan'uwansa ya yi maki, kai ka tafi cin sawayya, taliyar Sallah! A ajina ka ga haka? Na taɓa sa jan biro a lissafin da ban warware da hannuna ba?

ZISHAN: A'a, Ustad ji. Wallahi tun da ka ambaci asibitin na san namu ne. Ka yafe mini.

USTAD: Yafiya ba ta cire yana. Kuma mu kaɗai ne? Tsofaffi nawa suka nemi a ɗaga musu?

ZISHAN: Ban duba ba tukuna.

USTAD: Ba ka duba ba! To saurara. Za ka je wa shugabanka ka faɗa da bakinka, ba ka laƙa wa abokin aikinka ba. Za ka nemo duk wanda aka soke wa. Za ka sake bayanin, ka gwada, ka karanta mini in ji. Sannan Talatarmu.

ZISHAN: Ukun farko zan yi yau. Talatar kuwa, an riga an ba wani, Ustad ji. Shi ma mai ciwon ido ne. Zan roƙi likitan, amma ban yi alkawari ba.

USTAD: To ba ni za ka faɗa wa ba. Ga ta nan ta fito, tana laluben bango. Karɓi, Zishan ne.

ZISHAN: Ustad ji, don Allah, tsaya...

USTANI: Zishan beta? Allah ya yi maka albarka! Na ce masa ya daina faɗa, yaronmu na Lahor zai gyara komai. Ko ba haka ba? Helo? Beta?

ZISHAN: Ustani ji, ni ne na...